Yadda gwamnatin Amurka ke sayar wa ƙananan masu tsaga katako itacen gandun dajinta: tambayoyi da amsoshi

A jihohi irin su Oregon da Idaho, sama da rabin ƙasar na hannun gwamnatin tarayya ne. Duk wanda ya kafa injin tsaga katako a irin waɗannan wurare, abincinsa na rataye da abin da ma'aikatan gandun daji suka fitar kasuwa, da kuma wanda ya rigaye shi sayewa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ke yawan fitowa daga bakin masu ƙananan injina da masu saran itace a can, haɗe da 'yan kaɗan da 'yan katakonmu kan yi idan labarin tsarin ya iso musu.

Dajin wa ake magana a kai, kuma wa ke sayarwa?

Dajin gwamnatin tarayya. Mafi yawansa na ƙarƙashin Hukumar Gandun Daji ta Amurka, wadda aka kafa a 1905 a cikin Ma'aikatar Noma, Gifford Pinchot ne shugabanta na farko. Tana riƙe da gandun daji 154, kuma ƙasar da ke hannunta ta kai eka miliyan 193, wato ta haura kashi huɗu cikin biyar na faɗin Najeriya. Ta biyu ita ce hukumar kula da filayen gwamnati da ake kira BLM, wadda katakonta mafi daraja ke yammacin Oregon, a filayen da aka taɓa bai wa wani kamfanin jirgin ƙasa sannan gwamnati ta karɓe abinta, aka yi musu doka ta musamman a 1937.

Jihohi ma suna da nasu dazuzzukan, kamar Washington da ke sayar da itace don gina makarantu, haka su ma ƙabilun asalin ƙasar. Kowanne da dokarsa, kuma abin da ke wannan shafi bai hau kansu ba. Abin da mutane kan manta shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na itacen da ake sara a Amurka daga filayen masu zaman kansu yake fitowa. Na gwamnati kaɗan ne a lissafin ƙasa baki ɗaya, amma a garin da gandun gwamnati ya kewaye ta ko'ina, shi ne komai.

Katako tsagagge gwamnati ke sayarwa ko gumagumai?

Ba ko ɗaya ba, galibi. Itace take sayarwa a tsaye. Ma'aikata su shata yanki, su shafa wa itatuwan da za a sare fenti, ko kuma waɗanda za a bari, su ƙiyasta yawan katakon da ke ciki. Sara, janyowa, lodi, kai wa inji, duk a wuyan mai saye. Fentin ma ba na kasuwa ba ne: akwai sinadarin sirri a cikinsa, yadda idan wani ya sayo irin launin ya ƙara wa kansa itatuwa, gwaji zai tona shi.

Ma'aunin da aka fi ji shi ne ƙafar katako, wato allo mai tsawon inci 12, faɗin inci 12, kaurin inci 1. Tubaifo ɗaya mai tsawon ƙafa 12 yana daidai da ƙafar katako 8. Farashi kuma a kan dubu ake yanka shi. Wani cinikin a jimlace ake biya bisa ƙiyasin da aka yi tun itacen na tsaye, wani kuwa sai an auna gumagumai bayan sun fito.

Yaya ake gudanar da cinikin?

Dokar kula da gandun daji ta 1976 ce ginshiƙi. Ta hana a sayar da itace ƙasa da ƙimar da aka yi masa, ta wajabta a yi shela ga duk cinikin da ya haura dala 10,000, kuma a bisa al'ada kwangila ba ta wuce shekara 10. Shelar kan ɗauki kwana 30, tare da takardar da ke bayyana irin itatuwa, yawansu, hanyoyin da za a gina da lokutan da aka hana aiki. Mai hankali ba ya dogara da takarda, takawa yake ya zaga dajin da ƙafarsa, domin ƙiyasin gwamnati ba alkawari ba ne.

Tayi iri biyu ne: na rufaffiyar ambulan, da gwanjon baki inda ake ɗaga farashi ido da ido. Dokar 1976 ta karkata ga ambulan don maganin haɗa baki, masu injinan Yamma suka yi ca, a 1978 majalisa ta sassauta ta bar wa hukuma zaɓi. Wanda ya fi tayi shi ake sallama wa, muddin an tabbatar yana da ƙarfin cika kwangila kuma ba ya cikin waɗanda aka dakatar.

To mene ne shirin keɓe wa ƙanana, kuma me ya kawo shi?

A gwanjo, mai aljihu ne sarki. Babban kamfani mai injina goma da dajinsa na kansa zai iya yin tayin da ya san asara ce a wannan cinikin, don kawai ƙaramin inji da ke maƙwabtaka da shi ya rasa gungume ya rufe. Da ya rufe, gasa ta ƙare. Majalisa ta ga haka, shi ya sa a 1958 ta saka a cikin Dokar Ƙananan Sana'o'i cewa dole ƙananan kamfanoni su sami rabo na adalci daga duk kadarar gwamnati da ake sayarwa. Hukumar kula da ƙananan sana'o'i, SBA, ita aka ɗora wa sa ido, kuma yarjejeniyar da ta ƙulla da Ma'aikatar Noma a 1971 ita ce tushen tsarin da ake bi.

Ma'anar keɓewa ita ce a ware wasu cinikai a ce ƙanana kaɗai za su yi tayi a kansu. Ba kyauta ba ce, ba rangwame ba ce, kuma ba kullum ake yin ta ba. Wannan na ƙarshe shi ne abin da sababbin shiga suka fi kasa ganewa. Duba amsar da ke kan lokacin da ake fara keɓewa.

Wane ne "ƙarami" a idon doka?

Kamfanin da asalin sana'arsa saran itace ne ko sarrafa shi, kuma ma'aikatansa ba su haura 500 ba. Eh, ɗari biyar. Mai injin da ke da yara takwas zai yi dariya, domin a wurinsa kamfani mai ma'aikata 480 giwa ne, amma su biyun a layi ɗaya doka ta ajiye su, kuma za su kara a gwanjo ɗaya. A ganinmu wannan shi ne rauni mafi girma a tsarin ga ainihin ƙanana.

Lissafin ma'aikata ya haɗa da na wucin gadi da masu aikin rabin yini, ya kuma haɗa da na duk kamfanin da ke da alaƙar mallaka ko iko da naka. Idan babban kamfani ne ke riƙe da mafi yawan hannun jarinka, ko shi ke juya ka ta bayan fage, ma'aikatansa sun zama naka a lissafi. Sannan dole kamfanin ya kasance na neman riba ne mai mazauni a cikin Amurka.

Wa ke tantance girman kamfanina?

Kai da kanka, a takardar tayi. Kana sa hannu cewa kai ƙarami ne, a karɓa. Sai dai abokan takararka na da damar ƙalubalantarka cikin 'yan kwanaki bayan buɗe tayi, jami'in kwangila ma haka. Daga nan magana ta koma hannun SBA, ta duba takardun albashi da na mallaka ta yanke hukunci, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa ofishin sauraron ƙararrakinta. A ƙaramin gari kowa ya san motar wa ke shiga harabar wa, don haka kura da fatar akuya ba ta daɗewa. Ƙarya a wannan takarda laifi ne a dokar tarayya.

Ba ni da inji, sara kawai nake yi. Zan iya shiga cinikin da aka keɓe?

Za ka iya. Mai sara ƙaramin ɗan kasuwa ne shi ma. Sharaɗin dai shi ne inda gumagumanka za su sauka, kuma dokar 30 da 70 da ke ƙasa ta hau kanka kamar yadda ta hau kan mai inji.

Mece ce dokar 30 da 70?

Wanda ya ci cinikin da aka keɓe ba zai sayar wa babban kamfani fiye da kashi 30 cikin 100 na gumaguman tsagawa da ke cikin cinikin ba. Kashi 70 dole ya tsaga a injinsa ko ya kai wa wani ƙaramin inji. Idan cinikin na ƙafar katako miliyan 1 ne, iyakar abin da zai tsallaka zuwa ga manya 300,000 ne. A Alaska an ɗaga iyakar zuwa kashi 50, saboda ƙarancin injina a can.

Ba don wannan doka ba, da shirin ya zama wasan yara. Babban kamfani sai ya samo wani mai mota ɗaya da zarto biyu ya tsaya masa, ya saye da sunan ƙarami, da yamma gumagumai su kwana a harabar babba. Kashi 30 ɗin da aka bari kuwa yana da dalili: daji ba ya fitar da itace iri ɗaya. A ciniki guda za ka tarar da gungumen da ya fi ƙarfin zartonka da wanda ba ka da kasuwar irinsa, dole a bar maka ƙofar da za ka rabu da su.

Akwai kuka a kan dokar daga ɓangaren masu sara. Inda ƙaramin inji ɗaya ne tal ya rage a yanki, mai shi ya san ba ka da wurin kai kashi 70 sai wurinsa, farashin da ya ga dama zai ba ka. Shi ya sa kafin ka yi tayi, ka fara sanin wa zai karɓi kayanka da nawa. Kuma ka adana takardun kowace mota, ana bincikawa.

Yaya ake sanin rabon ƙanana a kowane yanki?

An rarraba gandun dajin zuwa yankunan kasuwa, wani yankin gandu guda ne, wani ɓangaren gandu. Kowane yanki na da kasonsa, kuma ba daga sama aka tsinko shi ba: tarihin saye ne. Duk shekara 5 ake sake lissafi, a duba kashi nawa na gumaguman tsagawa ƙanana suka saya a shekarun da suka wuce, wannan ya zama kasonsu na gaba. An sa masa rufi da daɓe. Ba ya haura kashi 80, ba ya kuma faɗuwa ƙasa da rabin kason asali da aka kafa a farkon shirin.

Ka lura da abin da wannan ke nufi. Tsarin yana tsare abin da ƙanana suka riga suka riƙe ne, ba ya nema musu sabon wuri. Yankin da ƙananan injina suka mutu, kason zai bi su ƙasa a lissafi na gaba, kuma wanda ya zo daga baya da niyyar kafa sabon inji zai tarar da ƙaramin rabo yana jiransa. Garkuwa ce, ba taki ba.

Yaushe ake fara keɓewa?

Sai ƙanana sun gaza. Duk wata shida ake zama a duba abin da aka sayar a yanki da abin da ƙanana suka samu. Idan suna cin kasonsu a buɗaɗɗen gwanjo da ƙarfinsu, babu abin da za a keɓe. Idan giɓin da ya taru ya kai kashi 10 cikin 100 na rabonsu ko fiye, sai shirin ya tashi.

Ga misali na lissafi kawai. A ce kason ƙanana a wani yanki kashi 60 ne, aka sayar da ƙafar katako miliyan 20 cikin wata shida. Rabonsu miliyan 12 ke nan. Sai ga shi miliyan 9 suka iya saye, manya suka kwashe saura. Giɓin miliyan 3 ya zarce iyaka, don haka a wata shidan da ke tafe za a keɓe cinikai don a cike shi, tare da barin aƙalla kashi 20 na kayan a buɗe ga kowa. Rara ma tana bin lissafi: idan a baya ƙanana sun saya fiye da kasonsu, wannan rarar za ta fara cinye giɓin kafin a ce an gaza.

Wa ke zaɓen cinikin da za a keɓe? Ba za a tura mana tarkace ba?

Shugaban gandun da wakilin SBA ne ke zaɓa tare, kuma abin da ake nema shi ne cinikan da aka keɓe su yi kama da sauran ta fuskar irin itace, inganci da wahalar fitarwa. Tsoron da ke cikin tambayar ba na banza ba ne, don daji kan tudu mai santsi da daji a bakin titi ba ɗaya ba ne ko da yawan katakonsu ɗaya. Jadawalin cinikan da ke tafe a bayyane yake tun da wuri, kuma lokacin magana shi ne kafin a yi shela, ba bayan an buga ba. Idan an keɓe ciniki babu ƙaramin da ya taya, ana iya buɗe shi ga manya.

Itacen da aka keɓe ya fi araha?

A takarda, a'a. Ƙa'idar nan ta hana sayarwa ƙasa da ƙima tana nan daram. A aikace kuwa, sau da yawa farashin ƙarshe kan yi sauƙi saboda masu tayi sun ragu, kuma wannan ne hujjar masu sukar shirin, cewa baitulmali na asarar kuɗi. Masu kare shi na cewa asarar da za a yi ranar da mai saye ɗaya ya rage a yanki ta fi wannan nesa ba kusa ba.

Inda rigimar ta fi zafi shi ne kuɗin dako. Wajen yi wa itace ƙima ana cire kuɗin kai shi inji mafi kusa da zai iya sarrafa shi. To idan mafi kusan na babban kamfani ne, alhali doka ta tilasta maka kai kashi 70 ga ƙaramin inji da ke can nesa? Bambancin man mota da lokacin direba daga aljihunka zai fita. Ƙananan kamfanoni sun daɗe suna neman a riƙa auna nisa zuwa ƙaramin inji mafi kusa a cinikan da aka keɓe, kuma batun na cikin gyare-gyaren da SBA ta gabatar a 2016.

Babban inji ya rufe a yankinmu, ko ƙarami ya koma hannun babba. Sai mun jira shekara biyar?

Ba dole ba. Akwai sake lissafi na musamman idan fasalin kasuwa ya sauya, wato idan kamfanin da ke sayen kashi 10 ko fiye na gumaguman yankin ya daina aiki ko ya tsallaka daga rukunin ƙanana zuwa na manya, ko akasin haka. Hikimar ita ce kada tarihin kamfanin da babu shi ya ci gaba da juya rabon masu rai. Masu saye na da damar yin sharhi a kan sabon kason kafin a tabbatar, kuma wanda ya yi sharhi a kan lokaci ne ke da bakin ɗaukaka ƙara. Wanda ya yi shiru a lokacin ya rufe wa kansa ƙofa.

Ma'aikatana ba su kai goma ba. Akwai abin da ya dace da irina?

Akwai ƙofa biyu. Ta farko cinikan ceto ne na musamman da aka ware wa kamfanonin da ma'aikatansu ba su haura 25 ba: itacen da gobara ta babbake, ko ƙwari suka kashe, ko iska ta kayar. Irin wannan kaya gaggawa yake so, don mataccen itace na tsagewa yana canza launi, darajarsa na zubewa wata bayan wata. Ta biyu ƙananan cinikai ne da ba su kai dala 10,000 ba, waɗanda ofishin gandu na gunduma zai iya sayarwa kai tsaye ba tare da shela ba. Masu yin kujeru, masu gina gidajen gungume da masu yin turakun shinge ta nan suka fi samun kaya. Itacen girki na gida kuwa da takardar izini mai araha ake ɗibarsa, kuma ba na sayarwa ba ne.

Nawa zan tanada kafin in sare itace ko ɗaya?

Fiye da yadda kake zato. Akwai kuɗin jingina da ke rakiyar tayi, wanda za ka rasa idan ka ci sannan ka janye. Akwai kafin alƙalami: kashi 10 na farashin da aka yi shela da shi, haɗe da kashi 20 na abin da ka ɗora a kai. Idan an yi shelar ciniki a dala 100,000 ka saye a 150,000, kafin alƙalaminka 20,000 ne. An tsara shi haka da gangan don ya ciji mai zafin tayi. Darasin ya samo asali ne daga ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kamfanoni suka yi ta tayin ganganci da zaton farashi zai ci gaba da hawa, kasuwar gidaje ta faɗi, har sai da majalisa ta yi dokar 1984 da ta ba su damar fansar kansu daga kwangiloli.

Bayan wannan akwai takardar lamunin cika aiki, da kuɗin share rassan da aka bari, da gyaran hanya. A kan hanya ƙanana na da wata alfarma: idan cinikin na buƙatar gina babbar hanya mai tsada, ƙaramin kamfani zai iya zaɓar hukuma ta gina, shi ya biya kuɗin a cikin farashin itace, maimakon ya nemo katafila da ba shi da ita. Idan kuma farashin katako ya faɗi warwas na tsawon lokaci, akwai tanadin ƙara wa'adin kwangila.

Zan iya fitar da gumaguman waje? Ɗan katako a Kano ko Kumasi zai iya saye?

Gungume ɗanye daga dajin tarayya da ke yammacin layin digiri 100, wanda ya ratsa tsakiyar ƙasar daga Dakota zuwa Texas, ba ya fita waje. Dokar 1990 ce ta tabbatar da haramcin, a zamanin da jiragen ruwa ke kwasar gumagumai zuwa Japan injinan gida na zaune babu aiki. Ta kuma toshe dabarar musanya, wato mutum ya fitar da itacen gonarsa waje sannan ya cike gurbin da na gwamnati a yanki guda. Don a iya bin sawu, ana buga wa gumaguman tarayya hatimin guduma a kuma ɗiga musu rawayan fenti a baki. Alaska na da nata tsarin dabam.

Katakon da aka riga aka tsaga kuwa kaya ne kamar kowane, ana fitar da shi. Don haka ɗan kasuwar da ke wajen Amurka wurin mai inji ko dillalinsa zai nufa, ba wurin gwanjon gwamnati ba.

Ina kuɗin da aka sayar ke tafiya?

Tun 1908 kashi 25 na kuɗin shigar gandu ke komawa ga gundumomin da gandun yake, don makarantu da hanyoyi, tunda ƙasar tarayya ba ta biyan harajin fili. Gundumomin filayen BLM na yammacin Oregon kuwa, shekaru da dama rabi suka riƙa karɓa. Wata doka ta 1930 ta ba da damar a riƙe wani kaso don sake dasa wurin da aka sare. Da sara ya ragu kuɗin gundumomi ya karye, sai a shekarar 2000 majalisa ta ƙirƙiro tallafin makarantun karkara don toshe ramin, tallafin da sai an yi ta sabunta shi ana jan rai.

Idan akwai wannan kariya, me ya sa ƙananan injina ke ta rufewa?

Domin kashi 60 na tuwon da ya koma loma ɗaya ba ya ƙosarwa. A 1987 an sare ƙafar katako sama da biliyan 12 daga gandun dajin tarayya. A 1990 aka saka wata mujiya mai ɗige-ɗige ta dazuzzukan arewa maso yamma cikin halittun da ke fuskantar barazana, a 1991 alƙali William Dwyer ya dakatar da cinikai a mazauninta, a 1994 gwamnatin Clinton ta fito da sabon tsarin dajin yankin. Zuwa farkon shekarun 2000 abin da ake sara ya faɗi ƙasa da biliyan 2, kuma a 'yan shekarun nan yana yawo ne a kusa da biliyan 3. Shirin keɓewa na raba abin da aka fitar ne, ba shi da ikon cewa a fitar da ƙari.

Sai dai ɗora wa mujiya laifin duka zalunci ne. Injinan zamani na tsaga da kwamfuta, mutum kaɗan na yin aikin da ɗari ke yi a da. Katakon Kanada da na gonakin itace na kudancin Amurka na danne farashi. Manyan tsofaffin itatuwan da aka gina injinan da don su sun yi ƙaranci tun kafin kotu ta sa baki. Kamfanin Pyramid Mountain Lumber na garin Seeley Lake a Montana, da ya sanar da rufewa a 2024 bayan shekara 75, rashin ma'aikata da tsadar gidajen da za su zauna na cikin manyan dalilan da ya bayar. A watan Maris na 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin faɗaɗa saran katako, Ma'aikatar Noma ta biyo da burin ƙarin kashi 25, amma garin da injinsa ya riga ya zama ƙarfen gwangwan ba ya da inda zai kai gungumen.

Mece ce kwangilar gyaran daji, kuma me ya sa ake ta ce-ce-ku-ce a kanta?

Wata hanya ce ta daban da aka fara gwadawa a ƙarshen shekarun 1990, aka faɗaɗa a 2003, dokar noma ta 2014 ta mayar da ita ta dindindin. A nan musaya ake yi: ɗan kwangila ya rage cunkoson ƙananan itatuwa da ke ciyar da gobara, ya gyara magudanan ruwa, ya rufe tsofaffin hanyoyi, a biya shi da katakon da ya fitar, gaba ɗaya ko wani ɓangare. Ba mafi tsadar tayi ake bai wa ba, ana duba ƙwarewa da tsarin aiki da amfanin da mutanen yankin za su samu. Kuɗin da ya yi saura a dajin yake zama don wani aikin, ba ya shiga rabon kashi 25 na gundumomi da aka ambata a sama.

Rigimar ita ce an gina shirin keɓewa a kan cinikin gargajiya, wannan sabuwar hanya ba ta cikin lissafinsa. Da ta girma ta zama babban ɓangare na katakon da wasu gandaye ke fitarwa, sai ƙanana suka ga ana ɗibar tuwo daga wata tukunyar da ludayinsu ba ya shiga. SBA ta taɓa neman jin ra'ayoyi a kan ko a riƙa ƙirga gumaguman tsagawa na waɗannan kwangiloli wajen lissafin kaso. Hukumar Gandun Daji da wasu manyan kamfanoni na ganin hakan zai ɗaure wa aikin rigakafin gobara ƙafa. Gaskiya dai ƙanana da yawa na cin waɗannan kwangiloli, har akwai injin garin John Day a Oregon da kwangilar shekara 10 ta 2013 ta tsawaita wa kwana bayan an riga an sanar zai rufe.

Me zai faru idan na karya sharaɗi?

Ya danganta da girman laifin. Jami'in da ke kula da cinikin na iya tsayar da aiki nan take idan ka shiga da manyan motoci ƙasa na jiƙe ko ka taɓa bakin rafi. Itacen da ba ya cikin cinikin idan ka sare shi da sakaci, ninki ake biya, idan da gangan ne kuwa sata ce. Wanda ya gudu ya bar kwangila, za a sake sayar da itacen a bi shi bambancin farashi. Haɗa baki a gwanjo, irin na "ka bar mini wannan in bar maka na gaba", laifi ne a ƙarƙashin dokar hana danniyar kasuwa ta 1890, kuma kowane mai tayi na sa hannu cewa shi kaɗai ya yanke farashinsa. Karya dokar 30 da 70 ko ta fitar da gungume waje na iya jawo tara da dakatarwa daga sayen itacen tarayya na shekaru, kuma dakatarwar kan bi har kamfanonin da ke da alaƙa da naka, don haka sauya suna a allon ƙofa ba ya fitar da kai.